Na Ɓoye wa Yaya Ɗanta a Littafin Gidanmu

Zuwa ga mai kula da wannan fili,

Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in ƙara ɓata abin da na riga na ɓata. Na daɗe ina karanta filin nan naki, yawanci don in yi dariyar yaran zamani da matsalolinsu, ban taɓa zaton wata rana ni ma zan shigo layi da furfurata ba. Ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Ni ban iya shiga magana ta ƙofa ba, sai na zagayo ta bayan gida.

Sana'ata jera haruffa ce. Tun ina saurayi na shiga maɗaba'a, lokacin da harafi ɗan guntun dalma ne, ka ɗauko shi da yatsu daga akwatinsa, ka jera shi a juye, ka karanta shi a juye. Ɗakin aikinmu dogo ne mai taga ɗaya can sama, ko'ina warin tawada da kananzir, ga injin da in ya tashi har shayin da ke kofinka sai ya yi rawa. Maigidanmu kurma ne a kunne ɗaya, kuma kullum wannan kunnen yake juyo maka in ka zo neman hutu. A wancan zamani in mai aiki ya ce a cire masa layi ɗaya, sai ka kwance shafin, ka zare layin, rami ya tsaya yana kallonka. Ko dai ka cike shi da dalma marar fuska, kowa ya ga fili ya san an cire wani abu, ko ka janyo duk abin da ke ƙasa zuwa sama kana gumi kana tsine wa mai aikin a zuci. Saboda haka ba a cire magana da wasa. Yau wurin ya zama shagon sayar da wayoyi, in na wuce ina jin kamar in leƙa in ce musu ku yi a hankali, nan injin yake.

Da na ajiye aiki zaman banza ya ishe ni, sai na fara rubuta littafin gidanmu: labaran da kakarmu ta ba mu, da kuma namu da muka yi da kanmu muna yara. Kaka ba ta ba da labari hannu sake. Da la'asar take zama a baranda da tulin kayanmu da suka yage, tana ɗinki tana magana, mu kuwa mun kewaye ta. Tana da wata dabara. Kafin ta buɗe baki sai ta ɗaga ido ta ga su wa ke zaune. Akwai labarin Baffanmu, mutumin da ke cika baki da jarumta, wanda talotalon maƙwabta ya kora har ya hau katanga ya bar takalmi ɗaya a ƙasa. In 'ya'yan Baffa na wurin, da ta iso daidai katangar sai ta yi ɗan tari, ta ciji zare, ta tsallake zuwa gaba. Mu da muka sani sai mu riƙa mintsinin juna. Ba ta taɓa yin ƙarya ba, tsallakewa kawai take yi, kuma kowa ya tashi da mutuncin ubansa a hannu.

Mijin 'yata malamin lissafi ne a sakandare, yaron kirki, sai dai in ya fara bayani sai ka nemi kujera. Shi ya ga ina fama da kwamfuta ya ce ga wata manhaja da su masu lissafi ke tsara takardunsu da ita. Ba irin wadda kake ganin shafi yana haɗuwa kana rubutu ba ce. Rubutu zalla kake yi, kana saka umarni a tsakani, kowane umarni yana farawa da ɗan karan nan da ya jingina baya, sai ka gama ka ce ta buga, sannan shafi ya fito. Nan take na kamu da sonta, don ta tuna mini da aikinmu, inda ba ka ganin fuskar shafi sai ka buga kwafin gwaji. Sai kuma ya nuna mini abin da ya jawo wannan wasiƙa. Ya ƙirƙiro umarni nasa na kansa, yana zuba amsar kowace tambaya a tsakanin alamar baka biyu da ke bin umarnin, can saman fayil kuma akwai layi ɗaya da ke aiki kamar makunnin fitila. In ya kunna, takardar malamai ta fito da amsoshi. In ya kashe, takardar ɗalibai ta fito, amsa ta ɓace, layin ƙasa ya matso ya rufe wurin ruf, babu rami, babu gumi. Na ce ya sake in gani. Ya sake. Na zauna na riƙe haɓa na ce lallai ga tarin Kaka an mayar da shi inji.

Ba a yi mako ba na iya ƙirƙiro nawa. Na yi wa kowane gida nasa. Akwai \bandaBaffa, wanda duk abin da na sa a cikinsa ba ya fitowa a kwafin 'ya'yan Baffa, har da talotalon. Akwai na gidan wata goggonmu da aurenta na farko ya mutu cikin rigima. Ina zaune ina kunnawa ina kashewa, ina jin kaina wani mai hikima. Sannan akwai \bandaYaya.

Yaya ita ce babbarmu, ni ne ƙarami, tazarar da ke tsakaninmu kuma babba ce. Da mahaifiyarmu ta rasu ita ta ƙarasa rainona. Tela ce, da keken ɗinkinta ta ciyar da mu, ita ta kama hannuna ta kai ni maɗaba'a, ita kuma ta laƙaba mini Mai Tawada saboda farcena bai sake yin fari ba. Ɗa ɗaya Allah ya ba ta. Da kaɗan na girme shi, tabarma ɗaya muka kwana, kwano ɗaya muka ci, ba ya ce mini Kawu sai in yana son aron kekena. Muna kiransa Rediyo, don tun da ya buɗe ido yake magana har ya rufe. Akwai ranar da mai aski ya gaji da surutunsa ya kore shi da rabin kai a aske, shi kuwa maimakon ya ɓuya sai ya bi layinmu shago shago yana ba da labari, yana juyo wa mutane ɓangaren da suke so su gani. Da ya girma sai ya zama mai gyaran rediyo, kuma ko ya gyara ba ka jin abin da take faɗa, don ya fi ta murya. Zazzaɓi ya ɗauke shi yana saurayi, ko aure bai yi ba.

Tun daga ranar, in aka ambaci sunansa a gaban Yaya sai ta tashi ta shiga ɗaki, can ka ji keke yana gudu ba ƙaƙƙautawa. Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya kafa doka, kawai muka daina. Shekaru aru-aru ke nan. In hira ta nufo wajensa sai wani ya tambayi farashin gawayi.

Da na zo rubutu kuwa sai na tarar ba labarin yarintata da babu shi a ciki. Ina rubutawa ina dariya ni kaɗai, har tsohuwata, wato matata, ta leƙo ta ga ko na fara taɓuwa. Wani lokacin kuma sai in tashi in je in tsaya bakin ƙofa har idona ya bushe. Duk inda ya fito na kewaye shi da umarnin Yaya. Wallahi tausayi ne. Na ce matar nan ta tsufa, ga hawan jini, ita kaɗai a gida sai 'yan haya, ba zan aika mata da abin da zai mayar da ita ɗaki ba.

Na buga, na ɗinke kowane kwafi da hannuna, na aika gida gida. Waya ta yi ta shigowa, wannan ya ce ya yi kuka, wancan ya ce ashe haka Kaka take. Yaya shiru. Sai ga wani direban mota ya kawo mini ƙunshi, jakar yadi an ɗinke bakinta da ƙananan ɗinki irin nata. Na farke na ga littafin ne. Ba wasiƙa, ba ko kalma. Amma a gefen shafuka ta soka fil, ƙananan alluran nan masu kai da teloli ke riƙe yadi da su, littafin ya kumbura kamar bushiya.

Na buɗe fayil na ajiye littafin a gefe ina bi ɗaya bayan ɗaya. Duk inda na ɓoye shi, akwai allura. Sai a lokacin na karanta kwafinta da idon mai gyara, abin da ban yi ba kafin in aika, ni da na ci abinci da duba kuskuren wasu. Cikakken na karanta har na haddace, na ɗauka nata ma haka yake, an dai rage. Ashe ba haka ba ne. Akwai wurin da muke tura motar Baffa a kan gada, kowa ya fashe da dariya har muka saki mota, alhali ba wanda ya ce komai, don mai maganar na cire shi. Akwai wurin da Kaka ta raba mana rake ta ce ku biyun nan kada ku yi faɗa, kuma ni kaɗai ne a labarin. Mafi muni, wurare da dama na rubuta a duba shafi kaza don ƙarin bayani, to shafin da ake nufi babu shi a kwafinta, ita kuwa manhajar in ta nemi wuri ta rasa sai ta ajiye alamar tambaya guda biyu. Haka Yaya ta yi ta cin karo da "duba shafi na ??" kamar littafin da kansa yana tambayarta ina yaron.

Akwai kuma allura ɗaya da ta hana ni sukuni. Tana cikin labarin ranar da muka tashi daga tsohon gida, tsakanin ɗaure kaya da zuwan mota. Na duba fayil, na sake dubawa, na sa surukina ya duba. Babu umarni a wurin, ban ɓoye komai ba. Wani abu ne ya faru a nan da ita ta sani, ni ban sani ba ko na manta.

Na kira ta. Ta amsa gaisuwa lafiya lau, ta ba ni labarin gwiwarta, da ɗan hayar da ke barin famfo a buɗe, ta tambayi jikoki da sunayensu. Ina ta neman hanyar da zan shiga, sai ta ce, da muryar nan da take tambayar awon riga, "Mai Tawada, ashe ni ban taɓa haihuwa ba." Kafin in buɗe baki ta ce abinci na kan wuta. Tun daga nan in na kira sai 'yar haya ta ɗauka ta ce tana hutawa. Yaya da ban taɓa sanin ta da hutu ba.

Abin da ban sani ba shi ne ko ta gane cewa nata ne kaɗai babu shi. In tana zaton duk littattafan haka suke, to a wurinta na manta da shi, ni da muka tashi tare. In kuma na gaya mata gaskiya, za ta san cewa dangi kaf sun zauna suna dariyar rabin askin ɗanta, ita kaɗai aka mayar ƙwai aka ajiye a gefe, ita da ta goya rabinmu. Kuma in ta sani kowa ya sani, 'ya'yan Baffa za su zo su ce mu me aka cire mana, jikokin Goggo ma haka.

Shawara kam na sha ta. Surukina ya ce in goge umarnin nan duka, littafi ya zama ɗaya, wanda zai yi fushi ya yi, shi dama lissafi ya sani. Tsohuwata ta ce in bar zancen littafi kwata-kwata, in je in zauna wurin Yaya in yi shiru har ta huce. Ni kuma zuciyata tana raya mini wata hanya mai sauƙi: in kunna makunnin, in buga mata cikakke, in ce bugu na biyu ne, na yi ƙari. Ba za ta san an taɓa ware ta ba.

Ko cikakken ma akwai layi ɗaya da nake tsoro. Yaya takan toshe kunne ta ce masa, don Allah ka yi shiru ko na yini ɗaya ne in ji da raina. Kullum take faɗa, mu kuma kullum mu yi dariya, shi ma ya yi dariya ya ci gaba. Na rubuta shi don ba a ba da labarin Rediyo babu wannan. Amma ki duba yadda zai zauna a idon uwar da ta samu shirun da ta roƙa. Jiya na kama kaina ina ƙirƙiro wani ɗan ƙaramin umarni don wannan layin kaɗai, sai na janye hannu na ce bari in tambayi wadda ta fi ni hankali.

Yaya ta tsufa, ni ma ba yaro ba ne. Ba na so ɗayanmu ya tafi da wannan a tsakaninmu. Me zan yi?

Naki,
Mai Tawada

*

Ɗan'uwa Mai Tawada,

Na karanta wasiƙarka, na yi dariyar talotalo da rabin aski, sannan na cire tabarau na ajiye na ɗan jima. Allah ya jiƙan Rediyo. Ka ga ni ban san shi ba, amma daga 'yan layukan nan har na ji muryarsa. Wannan ne abin da ka hana mahaifiyarsa.

Ba zan ce maka mugu ba, don ba mugunta ka yi ba. Ka ga mace tana tashi daga zaure duk lokacin da aka kira suna, ka ce kada in sa ta tashi. Kowane mai zuciya zai iya wannan tunani. Sai dai ina so ka sake duban abin da ka gani. Yaya tana tashi ne da ƙafarta, ta shiga ɗakinta, ta fito lokacin da ta ga dama. Ita ke zaɓa. Ba ta taɓa ce muku ku daina ba, kai da bakinka ka ce ba wanda ya kafa doka. Ta yiwu duk shekarun nan tana bayan ƙofa keke na gudu kunnenta na waje, tana jiran wani ya ƙarasa labarin, sai ta ji ana zancen gawayi. Ban ce haka ne ba, ban san ta ba. Amma matar da ta zauna ta bi littafi shafi shafi tana soka allura a duk inda ɗanta ya kamata ya tsaya, ba mai gudun tunawa da shi ba ce.

Ka ce koyi da Kaka ka yi. A nan za mu ɗan saɓa. Kaka tana zaune a wurin, tana kallon fuskoki, in ta tsallake yau gobe tana iya faɗa, kuma ɗan Baffa in ya girma yana iya kama gefen zanenta ya ce ki gaya mini abin da kike tari a kansa. Littafi ba shi da ido, ba a kuma iya jan gefen zanensa. Abin da ka yanke a ranar da ka buga, shi ke nan har bayan ranka. Sannan ka lura da abin da take tsallakewa: abin kunyar mutum take rufewa, ba ta taɓa rufe mutum ɗungurungum ba. A maɗaba'arku ta da, da ka kwance shafi sau goma don zare yaron nan, da gumi ya sa ka tsaya ka yi tunani. Sauƙin makunni ne ya rinjaye ka.

Zancen bugu na biyu, ka binne shi. Ta riga ta ga wurin ɗinki, ta san yanka aka yi, ba mantuwa ba. In ka zo mata da wannan za ta karɓa ta yi godiya, ta kuma san ƙanenta ya dube ta ido cikin ido ya yi mata ƙarya. Ban da haka, wata rana wani ɗan'uwa zai ziyarce ta ya ce ai tun bugun farko muke dariyar mai aski. Surukinka yana da gaskiya a kan littafi, tsohuwarka tana da gaskiya a kan tafiya, amma shirun da ta ce ka je ka yi shi ne cutar gidanku, kada ka kai mata ƙari.

Ga abin da nake gani. Na tambayi mai tsara mana shafuka a nan jarida, ya ce umarnin da mutum ya ƙirƙira da kansa, a wuri ɗaya ake faɗa masa aikinsa, kuma a wurin ake iya canza masa aiki. To ka sa surukinka ya taya ka, maimakon umarnin Yaya ya haɗiye magana, ya fito da ita da ɗan siririn layi a gefen shafi. Ka buga mata wannan kwafin, ta ga duk abin da aka hana ta, a fili, da alamarsa. Kada ka ɓoye mata girman abin da ka yi. Wannan karon kuma ka karanta shi tun daga bango har bango kafin ya bar hannunka.

Layin nan da kake tsoro, ka bar shi. Maganarta ce, ta fi ka sanin ta, kuma ina tabbatar maka ta maimaita wa kanta ita sau ba adadi ba tare da taimakon littafinka ba. Abin da ƙila ba ta da shi shi ne sauran jimlar da ka rubuto mini, cewa shi ma dariya yake yi ya ci gaba. Ka tabbata wannan yana nan a shafin. In ta karanta ta ce a cire, sai ka cire wa kowa da kowa, da izininta. Allurar nan da ba ka gane ba kuwa, ka daina wahalar da kwamfuta, amsar ba ta cikinta. Ka tambayi mai ita, in ta ba ka ka rubuta, in ta hana ka haƙura, nata ne.

Sauran gidajen ma ka yi musu adalci da ma'auni ɗaya: abin da mai shi ba zai iya karantawa ba, bai kamata wasu su karanta a bayan idonsa ba. Talotalon Baffa, ina kyautata zaton 'ya'yansa sun san shi tun kafin ka san kwamfuta, ka kira babbansu ku yi dariya tare. Auren Goggo kuwa, in ba za ka iya nuna wa jikokinta ba, ka cire shi daga kowane kwafi. Za a yi ɗan gunaguni, zai wuce. Umarnin ɓoyewa ka bar shi don 'yan bayanan da kake rubuta wa kanka lokacin aiki, nan ne wurinsa.

Amma duk wannan bayan Yaya ne. Kada ka ba direba, kada ka ƙara kiran waya. Ka shiga mota da kanka, ka isa da rana tsaka tana zaune. Kada ka fara da bayanin manhaja da makunni, ba ruwanta da su. Ka gaishe ta, ka durƙusa yadda ka saba tun kana yaro, ka kira sunan ɗanta na gaskiya da bakinka, ka ce mata yana cikin littafin kowa, nata ne kaɗai ka cire, don ka ji tsoron kukanta, kuma ka yi kuskure. Za ta iya yi maka faɗan da ba ka sha ba tun kana gajeren wando. Za ta iya tashi ta shiga ɗaki. Ka zauna, kada ka tafi. In ta fito ta ce ka karanta mata, ka karanta, kuma in ta fara kuka kada ka miƙa hannu ka rufe littafin. Ka bari sai ita ta rufe.

Allah ya sanyaya zuciyarta, ya ba ka bakin magana, ya kuma bar ku tare har ku gaji da labarinsa.